Kawuna Ne Ya Rubuta Shi

Kawuna ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Birnin Kudu. Kafin la'asar an kai shi Gwaram an binne shi kusa da iyayensa, kamar yadda ya nema. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, ba ni da ja a kan wannan. Abin da na gani a zaman makokinsa ne ya hana ni sukuni har yau.

Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Su uku suka rage a ɗakinsu: Alhaji Babba, wanda yake riƙe da gidan gado a Gwaram, sai Kawu, sai Innata auta. A gidan gadon aka yi zaman. Ina cikin gida wajen mata, kusa da Inna da matar marigayin, wadda muke kira Umma, sai wata dattijuwa daga Basirka ta shigo ta yi gaisuwa ta zauna. Da ta sha ruwa ta matso kusa da Inna.

"Hajiya, wai da gaske shi ne na talabijin ɗin nan?"

"Shi ne."

"Wanne ne a ciki? Mai Unguwan, ko dogon nan mai gardama?"

"Ba ya fitowa," in ji Inna. "Shi yake rubutawa."

Matar ta riƙe haɓa. "Au! Dama rubutawa ake yi?"

Ita ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Wanda na ga laifinsa yana waje a kan darduma yana karɓar gaisuwar maza. Mijina ne ya fara gaya mini, daga baya na ji da kunnena ta bayan zaure. Duk wanda ya zo ya ce Allah ya ji ƙansa, sai Alhaji Babba ya gyara murya ya ce, "Allah ya yafe masa. Ya dai ɓata ƙuruciyarsa a wasan kwaikwayo, amma alhamdulillahi ya dawo gida ya nutsu kafin ƙarshe." Haka ya yi ta maimaitawa, kamar mai ba jama'a haƙuri a kan wani abin kunya da ya faru a gidansu. Mutumin da yake faɗa wa haka, ni tunda na yi wayo ban taɓa ganin sallah ta wuce shi ba.

Masu amsa masa da amin kuwa su ne dai waɗanda suka tsufa suna dariya da abin da Kawu ya rubuta. Da Alhaji ya tashi alwala, wani ya tuno wata magana ta cikin wasan, sai ga dattawa suna toshe baki da hannun riga, kafaɗu suna rawa. Yana dawowa suka haɗiye dariyar suka koma jan carbi. A cikinsu ba a samu ko ɗaya da ya ce, Alhaji, ɗan'uwanka fa ya yi mana alheri ba.

To ni zan faɗa, tunda su sun kasa.

Ga wanda bai riski zamanin ba, Kawu ne ya rubuta kuma ya shirya wasan barkwancin nan na talabijin, Mai Unguwa Ba Ya Nan. Labarin wani mai unguwa ne mai son rawani amma ba ya son sulhu. Duk mako mutane su cika zaurensa da rigima, ta akuyar da ta ci gero, ta iyakar gona, ta turmin da aka ara ba a mayar ba, shi kuma ya ɓuya. Yau yana cikin rumbu, gobe yana bayan randa, matarsa ta fito ta ce ba ya nan. Kafin a tashi masu rigimar sun gaji da jira sun sasanta kansu, sai ya fito yana kaɗe riga yana karɓar godiya. Bayan shi Kawu ya yi Bakin Inji, na mata masu jiran markaɗe. Ya yi Motar Ƙarshe, na fasinjojin wata mota da ba ta taɓa cika ba balle ta tashi. Akwai wasu ƙanana da yawa da ni kaina na manta sunayensu. Daga samartaka har furfura, mako bai taɓa wucewa ba tare da ya miƙa wa gidan talabijin ɗin da yake wa aiki a birni sabon shiri ba. Wani lokacin wasa biyu yake ja a tare.

Kuma ba rubutu kaɗai ba. Shi yake nemo 'yan wasa, shi yake musu gwaji, shi yake tsayawa bayan mai kyamara, shi yake nemo kayan da za a sa a ɗaki. Rabin kayan gidanmu sun shiga talabijin. In ya zo Gwaram, Inna sai ta riƙa ɓoye kwanukanta, don in ya ɗaga abu ya juya shi ya ce "wannan ya yi kama da na talaka mai fahariya," to ya tafi ke nan. A unguwarmu akwatin talabijin ɗaya ne, a gidan wani Alhaji, da batirin mota ake kunna shi. Muna zaune a ƙasa sai in yi ihu, "Ga butar Inna!" A yi ta dariya. Sunan Kawu kuwa a ƙarshe yake wucewa cikin ƙananan baƙaƙe, lokacin mai gida ya riga ya zare waya don kada batir ya ƙare. Na girma ban taɓa ganin sunansa a allon ba.

Tafiya da shi wahala ce. Na tuna wata rana mun taso daga Birnin Kudu a motar haya za mu Gwaram, ina 'yar sakandare. Wasu mata biyu a bayanmu suka kama faɗa a kan kaza, ɗaya ta ce kazar ɗayar ta yi mata kashi a zane. Muka iso inda za mu sauka, na taɓa shi, ya ɗaga mini hannu. Mota ta wuce da mu. Sai da muka je Basirka matan suka sauka, sun ma shirya har ɗaya tana riƙe wa ɗayar kazar, sannan ya ce, "To yanzu mu nemi ta komawa."

"Kawu, Inna fa tana jiranmu."

"Innarki za ta yi faɗa ta huce. Wannan in na bar shi ba zan sake samunsa ba. Kin ji da ta ce kazarki ma ta fi ki tarbiyya? Ni ko shekara na yi a zaune ba zan ƙago wannan ba."

Ba ya dariya in yana aiki. Fuskarsa a murtuke take, kamar mai jin labarin gobara. Yakan ce in mutum ya yi dariya ya kalli na kusa da shi, aiki ya yi. In kuwa ya yi dariya ya sunkuyar da kai, aiki ya fi yi, don kansa ya gani. Yana da faɗa. In ɗan wasa ya ƙara wata magana tasa don a tafa masa, sai ya tsayar da komai ya ce, "Kai ba kai ne abin dariya ba, halin da kake ciki ne. Koma." Na ga babban mutum mai gemu yana sharar hawaye a wajen gwaji saboda shi.

Ba zan ce bai da laifi a abin da ya shiga tsakaninsa da yayansa ba. Yana da shi. Kawu ba ya ganin mutum ya ƙyale, ko da na gida ne. Alhaji Babba yana da wata ɗabi'a: in aka zo masa da magana mai nauyi sai ya gyara murya sau biyu, ya kalli sama, ya ce, "To, ba dai ni ba." Kawu ya ɗauke ta ɗungurungum ya sa a bakin Mai Unguwa. Ba a yi wata ba duk Gwaram ta gane. Yara suka riƙa bin Alhaji a kasuwa suna gyara murya. Da sallah ta zo Kawu ya shigo gaisuwa, muna tsakar gida, Alhaji ya ƙi ba shi hannu.

"Ka mayar da ni abin dariya a garin ubana."

"Yaya, ban ambaci sunanka ba."

"Ai gara ka ambata. Mutum ya yi karatu, 'yan'uwansa suna zama alƙalai da malamai, shi yana koya wa ƙatti ɓuya a rumbu."

Kawu ya ɗauki hularsa ya fita. Na ɗauka zai cire maganar daga wasan. Mako na gaba sai ga Mai Unguwa yana gyara murya sau uku. Shekaru suka yi ba sa magana sai gaisuwar dole. Don haka na san Alhaji yana da ciwonsa. Amma ciwon mutum ɗaya ne, ya daɗe, wanda ya ji masa kuma yana kwance a ƙasa ba ya iya kare kansa. A kan wannan ne za a tsaya gaban jama'a a share aikin rayuwar mutum da kalmar ɓata ƙuruciya?

Shi mutumin da ya fito a Mai Unguwa, wanda har yau kowa da sunan yake kiransa, ɗan Wurno ne, ta nan kusa da Birnin Kudu. A kasuwar Birnin Kudu Kawu ya tsince shi yana tallar maganin ɓera, yana kwaikwayon yadda ɓera yake yin wasiyya ga 'ya'yansa. Kawu ya tsaya ya kalle shi har ya gama, ya ce ya biyo shi birni. Bai iya karatun boko ba. Saboda haka duk shiri Kawu yakan zaunar da shi ya yi ta karanta masa, yana maimaitawa, har ya haddace, ba nasa kaɗai ba har na sauran, don ya san inda zai shigo. Allah ya ba shi kai, ba na hana shi wannan. Ya yi suna, ya je Makka, ya zama in ya shiga gari sai an tare hanya.

Ana tsakiyar wannan ɗaukaka ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya karkace, ƙafa ɗaya ta ƙi. Shugabannin tashar suka ce a nemo wani, ko a kashe Mai Unguwa a naɗa ɗansa. Umma ta ba ni labarin yadda Kawu ya dawo gida ranar ko abinci bai ci ba. Da safe ya koma ya ce musu ba za a canza kowa ba. Ya zauna ya sake rubuta zangon gaba ɗaya: Mai Unguwa ya gano sabuwar maɓoya, ya kwanta ciwon ƙarya. Aka riƙa ɗauko mutumin daga gida a kwantar da shi a gadon wasa, a lulluɓe shi, magana kaɗan, sauran duk da ido. Mutane suka ce ba a taɓa yin zango mai daɗinsa ba. Da yawa ba su san ciwon na gaske ba ne. Da haka ya ci gaba da ciyar da iyalinsa har ya miƙe da sanda, bakinsa ya dawo. Kawu bai taɓa ba da wannan labarin ba, a wajen Umma na ji.

Ƙarshen aikinsa ba daɗi. Aka kawo sababbin shugabanni. Suka gano finafinan waje da aka juya zuwa Hausa sun fi sauƙi, ba gwaji, ba faɗan Kawu. Sai aka fara matsar da shirinsa daga lokacin da iyali suke zaune zuwa lokacin da kowa yana gona ko kasuwa. Daga nan aka ce ya riƙa sa yabon wani babban mutum a bakin Mai Unguwa. Ya sa, amma ya sa shi yana yabon daga cikin rumbu, muryarsa tana fitowa a daƙushe. Ba su yi dariya ba. Bayan ɗan lokaci aka ce lokacin ritayarsa ya yi. Ba taro, ba ko kiran 'yan wasa a yi addu'a. Ya kwashe tafiretarsa ya dawo Birnin Kudu, ya kama 'yar gona a Unguwar Ya, ya zama maƙwabcina, don a nan nake koyarwa. Wannan shi ne nutsuwar da Alhaji Babba yake gode wa Allah a kai.

Akwai ranar da ba zan yafe ba. Jikokinsa sun taso suna jin ana cewa kakansu ya yi wasanni, amma ba su taɓa gani ba. Wata rana ya ce in raka shi birni ya karɓo ko shiri ɗaya a sa masa a waya. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. A bakin ƙofar tashar maigadi ya tare mu ya ce wa muke nema, muna da alƙawari? Kawu ya faɗi sunansa. Maigadin ya ce mu jira a inuwa. Muka jira har azahar. Daga ƙarshe wani matashi mai kula da sashen shirye-shirye ya shigo da mu. Yana da ladabi, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ce ya ji labarinsa. Sannan ya fara sosa ƙeya.

"Baba, gaskiya tsofaffin kaset-kaset ɗin nan, yawanci an ɗora wasu abubuwa a kansu. Lokacin ana ƙarancin kaset, in za a ɗauki taro ko jawabi sai a ɗauko ɗaya a goge."

"Duka?" in ji Kawu.

"Akwai saura a sito."

Ya kai mu. Rufin ya daɗe yana yoyo. Kwalaye ne a jibge, gara ta gina gida a kansu. Na ɗaga kaset ɗaya, zaren cikinsa ya manne ya yi fari da hunhuna, ga rubutun hannun Kawu a jiki ruwa ya wanke rabi. Takardun wasan kuwa tun a lokacin raba wa 'yan wasa ake yi, daga nan su tafi wajen masu ƙosai. Bai ajiye nasa ba, don a ganinsa kayan tasha ne, kuma tasha ba ta mutuwa.

Na fara ɗaga murya. Na ce jawabin wa ya fi wannan? Waye yake tuna jawabin yau? Kawu ya riƙe mini hannu. Ya dubi gidan garar, ya dubi matashin, ya ce, "Da ina da sauran ƙarfi, da wannan ɗakin kaɗai ya ba ni shirin wata guda." Matashin ya yi dariya don ya samu mafita. A mota muna dawowa wasu suna ta gardama a kan kuɗin kaya, irin wadda a da zai kasa kunne ya saurara. Ya jingina kai da gilashi ya rufe ido har Birnin Kudu.

Bayan wannan ne Mai Unguwa ya yi hira da wasu matasa masu ɗora bidiyo a waya. Suka tambaye shi ina yake samo maganganun nan. Ya gyara zama ya ce, "Daga kaina. Baiwa ce. Ni ba a taɓa rubuta mini komai ba, ana kunna kyamara sai su zubo." Hirar ta zagaya ko'ina. Ni na kai wa Kawu. Ya kalla har ƙarshe ya miƙo mini wayar.

"Kawu, ka bari in kira yaran nan su zo su ji daga bakinka."

"In ce musu me?"

"Ka ce ƙarya yake yi!"

"In fito da tsufana ina rigima da mai maganin ɓera a kan wa ya ce kaza? Da wace shaida? Malama, ƙyale shi. Ya faɗi maganar da kyau, ko? Ko tsayawar da ya yi kafin ya ce baiwa ce, ni na koya masa."

A nan ina fushi da Kawu shi kansa, kuma mutuwa ba ta sa na huce ba. Yana da bakin da zai yi wa ɗan wasa tsawa a kan kalma ɗaya, amma bai da bakin da zai ce wannan nawa ne. Girman kai ne, ya sa masa rigar haƙuri. Ya bar mu da aikin da shi ya kamata ya yi.

Ranar sadakar uku sai ga mota daga tashar, da kyamara, da wani babba a cikinsu, da Mai Unguwa a gidan gaba da sandarsa. Kafin ya sauko matasa sun kewaye motar suna ɗaukar hoto da shi, a ƙofar gidan mutuwa. Babban ya yi jawabi a gaban kyamara, ya ce tashar ta yi rashin uba, ba za a taɓa mantawa da gudummawarsa ba. Alhaji Babba, wanda ya kwana biyu yana neman wa ƙaninsa gafarar wasan kwaikwayo, ya gyara rawani ya tsaya kusa da shi don ya fito. Sannan suka aiko cikin gida wai a taimaka musu da hoton marigayin, za su sa a labarai, don su ba su da ko ɗaya.

Umma tana cikin takaba, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce da ɗan aiken, "Ka ce musu su duba a sito."

Can sai aka yi sallama, wai Mai Unguwa yana son ya shigo ya yi wa iyali gaisuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Ya zauna da ƙyar, ya yi addu'a mai tsawo. Mata suna ta leƙe, wasu har suna murmushi. Inna ta bari ya shafa, sannan ta ce, "Alhaji, na ji hirarka."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ka ce daga kanka suke zubowa. To ga mu a zaune cikin baƙin ciki. Zubo mana ɗaya sabuwa, wadda yayana bai karanta maka ba."

Na ga bakinsa yana motsi, ɓangaren da ya taɓa shanyewa yana rawa. Na ɗauka tashi zai yi. Sai ya ajiye sandar, ya rufe ido, ya fara magana da wata murya da na sani tun ina yarinya. Shirin akuya da gero ne. Ya yi muryar mai akuya, ya yi ta mai gona, ya yi ta matar Mai Unguwa tana rantsuwa ba ya nan alhali tarinsa yana fitowa daga rumbu. Har da abin da ba a faɗa a wasa yake faɗa: a nan za ka dakata, a nan za ka kalli ƙofa, kada ka yi dariya. Maganar Kawu ce sak, yadda yake karanta masa. Hawaye yana bin gemunsa, mata suna dariya suna kuka, ni kuwa ina tsaye ina jin kamar in kwaɗa masa murfin tukunya. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Hajiya, ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

"Mu mun sani," in ji Inna. "Waɗanda ka gaya wa ne ba su sani ba."

A wannan tsayuwar na gane halin da muke ciki, kuma ban ji daɗinsa ba. Tasha ta goge, gara ta cinye, mai abin ya tafi. Abin da ya rage na aikin Kawu a duniya yana cikin kan tsohon nan da ya yi masa butulci, kuma shi ma ƙafarsa ɗaya tana hanya.

Bayan arba'in na sa mijina ya kai ni Wurno a babur. Muka same shi a tsakar gida da matarsa tana tsince wake. Na gaishe shi yadda ake gaida dattijo, don ba a koya mini wani abu ban da haka ba. Na ce na zo ya faɗa mini duk abin da ya tuna, in ɗauka a waya. Ya yi murna, ya sa aka kawo masa hula mai kyau. Na jingina wayar da kwano, na danna, ya gyara murya ya fara.

Na tsayar. "Baba, ba haka za mu fara ba."

"Yaya za mu fara, 'yata?"

"Ka fara da wanda ya rubuta."

Ya kalli matarsa, ya kalli mijina. Ba wanda ya taimake shi. Ya ce ai kowa ya sani. Na ce ba kowa ba, kuma in bai faɗa ba zan ɗauki wayata in tafi, ya mutu da su a cikinsa. Na faɗa da gaske, ko da yake na san ni ce zan fi shi asara. Sai ya juyo ya dubi wayar, ya faɗi sunan Kawu, da na mahaifinsa, da garinsu, ya ce shi ya rubuta, shi ya shirya, ni baki kawai na ara masa.

Tun daga ranar duk Asabar ɗin da na samu sarari ina Wurno. Wani shirin yana kawo shi daga farko har ƙarshe, wani rabi, wani ya tafi har abada. Na Bakin Inji da Motar Ƙarshe ba shi da su, don bai fito a ciki ba, waɗanda suka fito kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wani lokacin in ya manta sai ya cusa tasa, nan take nake ganewa, don ba ta da gishiri, in ce masa koma. Kuma kowane shiri, komai gajartarsa, sai ya fara da sunan. Ya ce mini, "'Yata, ai na faɗa a na baya." Na ce a wannan ma za ka faɗa.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da gwargwadon damuwar da ya ɗauke wa mutane ko da na ɗan lokaci ne. Ya yafe masa zafin ransa da abin da ya yi wa yayansa. Su kuwa waɗanda suka goge, da waɗanda suka bari ruwa ya ci, da waɗanda suka yi dariya shekara da shekaru sannan suka kasa buɗe baki a ƙofar gidansa, mutane suna ta ce mini in yafe musu don shi ma da yafewa zai yi. Wataƙila. Shi halinsa ke nan. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ban huce ba tukuna.